Yadda ake kafa kulob ɗin kallon tsuntsaye a makaranta har ya ɗore

Tambaya: Ni malami ne, ina koyar da yara 'yan shekara 10 zuwa 15. Ina so in kafa musu kulob na kallon tsuntsaye, amma ni kaina ban san tsuntsaye sosai ba, makaranta kuma ba ta da kayan aiki. Ta ina zan fara, me zan tanada, kuma yaya zan yi kada abin ya mutu bayan 'yan makonni?

Amsa: Malam, ka kwantar da hankalinka a kan abu biyun farko. Malamin da bai san tsuntsaye ba zai koye su tare da ɗalibansa, kuma yara sun fi sakin jiki da wanda ke cewa "wannan ban san shi ba, ku zo mu duba littafi" a kan wanda ke jero musu sunaye kamar mai biya hadda. Batun kaya kuwa, a watan farko ba ka buƙatar komai sai ido da kunne da fensir da takarda. Tambayarka ta uku ita ce mai nauyi. Irin wannan kulob yana ɗorewa ne idan yana da wuri ɗaya da ake komawa, da lokaci ɗaya da ba ya sauyawa, da littafi ɗaya da ake rubuta abin da aka gani kowane mako. Sauran abubuwan duka a kan waɗannan ukun ake ɗora su.

Fara da wurin. Kafin ka sanar da kowa, ka zagaya harabar makaranta da sassafe kai kaɗai, ka lura da inda motsi ya fi yawa. Yawanci a gefe-gefe za ka same shi, inda fili ya haɗu da shinge, gindin manyan bishiyoyi, bayan ajujuwa inda ciyawa ta yi tsawo, wurin da famfo ke ɗiga, kusa da juji, kan wayar lantarki da bakin rufi. Tsakiyar filin wasa ba ta ba da komai sai abin da ya gifta ta sama. Daga nan ka fitar da hanya ɗaya mai tsawon mita 300 zuwa 500, ka sa mata wuraren tsayawa uku ko huɗu, ka ba kowanne lamba, ka zana taswirarta a kwali. Ka tsara ta yadda rana za ta riƙa zama a bayanku. Idan kuna fuskantar rana, kowane tsuntsu baƙi za ku gan shi, ba launi ba zane, yara kuma su ƙosa nan da nan. Da safe ke nan ku tsaya ta gabashin bishiyar kuna kallon yamma.

Za a ce maka ai gara a kai yaran daji ko bakin tafki inda tsuntsaye suka fi yawa. Wannan na da ranarsa, amma kada ka fara da shi. A duniya akwai nau'in tsuntsaye kusan 11,000, littafin yanki ɗaya ma yakan ɗauki ɗaruruwa, yaron da aka jefa cikin wannan yawan ba abin da zai riƙe. Wanda kuwa ya yi mako shida yana ganin tsuntsaye goma na harabar makarantarsa, ya san tashinsu da kukansu da inda suke sauka, ranar da na sha ɗaya ya zo shi zai fara cewa "Malam, wannan baƙo ne." Nan ne kallon tsuntsaye ke farawa da gaske.

Lokaci mafi kyau shi ne awa biyu zuwa uku na farko bayan fitowar rana, domin a lokacin suke kiwo suna kuka. Minti 30 zuwa 40 kafin a shiga aji, sau ɗaya a mako, ya wadatar. Idan safiya ba ta yiwu ba, sai la'asar sakaliya. Tsakar rana ɓata lokaci ne, musamman a ranar zafi, tsuntsaye sun shige inuwa sun yi tsit. Ka nemi shugaban makaranta ya sa ranar cikin jadawali a rubuce, don kada duk wani taro ko gwaji da ya taso ya cinye ta. Kuma ka tashi taron yara suna son ƙari. Awa biyu a tsaye na iya sa rabinsu su ƙi dawowa mako mai zuwa.

Kada ka ɗauki fiye da yara 12 zuwa 15 a farko. Aji guda na yara arba'in, kome ladabinsu, ƙarar takunsu kaɗai za ta kori duk abin da ke gaba. Idan masu so sun yi yawa, ka raba su kashi biyu su riƙa karɓa-karɓa. A fili kuma ka kasa su huɗu-huɗu ko biyar-biyar, kowa da aikinsa: mai rubutu, mai riƙe agogo, mai duba littafi, mai ƙirga. Ana juya ayyukan kowane mako. Manya biyu ake so a kowace fita ko da cikin haraba ne, in za a bar makaranta kuma a samu babba ɗaya ga kowane yara shida zuwa takwas, da takardar izinin iyaye, da sanin wanda ke da asma ko wanda harbin zuma ke yi wa illa. Takalmi rufaffe, ruwan sha, hula, da tufafi marasa ƙyalli. Abu ɗaya da nake so ka kula da shi wajen zaɓe: yaron da aka sani da harbin tsuntsu da danƙo kada a kore shi. Sau da yawa shi ya fi kowa sanin inda suke kwana da abin da suke ci, kuma idan aka ba shi aikin jagora, ya ga ana girmama saninsa, yakan ajiye danƙon da kansa.

Zaman farko ka yi shi ba tare da madubin hangen nesa ba, ko da kana da shi. Ka zaunar da su a wuri na ɗaya, kowa da takarda, ya ɗiga alama a tsakiya a matsayin kansa. Minti biyar ba magana. Duk kukan da ya ji ya sa masa alama ta ɓangaren da ya fito, kusa ko nesa, ya rubuta yadda ya ji shi a kunnensa, ko "cip-cip-cip" ne, ko fito mai hawa, ko gurnani mai maimaituwa. Idan aka haɗa takardun za su yi mamakin yawan abin da ke kewaye da su kullum ba su taɓa ji ba. A wuri mai ganye da yawa, tsuntsun da ake ganewa da kunne ya fi wanda ake gani da ido, don haka ka shigar da kunne cikin aikin tun ranar farko.

Sai koyar da siffantawa, kuma a nan nake so ka fi daɗewa. Yaro zai rugo ya ce maka, "Malam, na ga wani ja!" Launi shi ne abin da ido ke fara kamawa, shi ne kuma abin da ya fi yaudara, saboda haske na sauya shi, kuma a nau'i da yawa namiji da mace da ƙarami kowa da kalarsa, wasu ma sukan sauya gashi idan lokacin aure ya wuce. Ka mayar masa da tambaya. Girmansa fa, ya kai gwara, ko kurciya, ko hankaka, ko ya fi? Waɗannan ukun su zama ma'aunin kulob, kowa ya riƙa faɗin girma da su. Bakinsa gajere ne mai kauri irin na mai fasa tsaba, ko siriri mai tsini irin na mai cin ƙwari, ko dogo mai lanƙwasa irin na mai tsotsar fure, ko mai ƙugiya irin na shaho? Wutsiyarsa doguwa ce ko gajeriya, ƙarshenta a daidaice ko a rabe biyu? A ƙasa tafiya yake ko tsalle? Yana kaɗa wutsiya? Idan ya tashi, miƙewa yake sak ko yana hawa da sauka? Shi kaɗai ne ko cikin garke? A ina ka gan shi, ƙasa, tsakiyar bishiya, ƙololuwa, bakin ruwa? Bayan duk wannan ne za a zo kan launi, shi ma da tambayar a ina: ja a kai, a ƙirji, ko a gindin wutsiya? Akwai farin layi a saman ido? Akwai ratsi a fiffike? Ka zana babban tsuntsu a allo ka sa wa sassansa suna, su kwafa a bangon littafinsu.

Haka nan nuna wa juna tsuntsu fasaha ce da ake koya. "Ga shi can! Can!" da miƙa hannu ba ya nuna wa kowa komai, sai dai ya tashi tsuntsun. Ka koya musu su fara da abin da kowa ke gani, sannan su ɗauki bishiyar a matsayin fuskar agogo: "Babbar bishiyar da ke dama da tanki, wajen ƙarfe biyu, a kan busasshen reshe, kamar kamu ɗaya daga ƙarshensa." Da murya ƙasa-ƙasa, hannu a ƙasa.

Kowane yaro ya samu ƙaramin littafi mai shiga aljihu, da fensir, domin tawada na narkewa in ruwa ya taɓa ta. A saman kowane shafi: kwanan wata, lokacin farawa da na gamawa, wuri, da yanayin sama. Zane ba sai ya yi kyau ba. Da'ira mai siffar ƙwai ta jiki, ƙarama ta kai, layin baki da na wutsiya da ƙafa, sai kibiyoyi masu nuna inda launi yake. Dokar ita ce a rubuta kafin a buɗe littafin gane tsuntsaye. Wanda ya fara kallon hoto, ƙwaƙwalwarsa za ta gyara abin da ya gani ya dace da hoton, ya rantse ya ga farin layin da babu shi. Ka kuma halatta musu rubuta "ba a gane ba." Ƙwararru ma suna barin tsuntsu ya tafi ba suna. Banda littattafan yara, kulob ya samu babban rajista ɗaya da ake kwafe sakamakon kowane mako a ciki, kuma a gefen kowane suna a sa sunan kimiyya, tunda suna ɗaya na gida yakan rufe nau'i uku ko huɗu masu kama da juna.

Idan kuɗi ya samu, littafin gane tsuntsayen yankinku ya riga madubi. Ka nemi mai zane-zane, domin mai zane yana jera namiji da mace da ƙarami a tsayuwa iri ɗaya, ya nuna alamar da ke bambanta su, abin da hoto ɗaya ba ya iya yi. Ka tabbata akwai taswirar yaɗuwa a gefen kowane nau'i. Kuskuren da ya fi yawa shi ne yaro ya zaɓi tsuntsun da ya fi burge shi a shafi, alhali taswira ta nuna ba a samunsa a ƙasar ma. Daga littafin ka fitar da tsuntsaye 20 da kuka fi gani, ka haɗa su a takarda ɗaya gaba da baya, a lulluɓe ta da leda, kowane rukuni ya riƙe ɗaya.

Madubin hangen nesa kuwa, a nan ake yawan asarar kuɗi. Lambobi biyun da ke jikinsa, misali 8x32, ta farko ninkin kusantowa ce, ta biyu faɗin gilashin gaba a milimita. In ka raba ta biyu da ta farko za ka samu faɗin hasken da ke isa ido: 32 a raba 8 ya ba da milimita 4, wanda ya isa. Ƙaramin 10x25 yana ba da 2.5 kacal, hoton ya yi duhu, kuma da yaro ya ɗan karkata sai ya ɓace masa. Ga yara ka nemi 6x30, 7x35, 8x30 ko 8x32. Kada babbar lamba ta ruɗe ka. Daga ninki 10 zuwa sama, rawar hannu ma ninkuwa take, filin da ake gani kuma ya ƙuntata, kafin yaro ya lalubo reshen tsuntsu ya tashi. 8x42 da manya ke so yakan kai wajen giram 700, ya yi wa ɗan shekara goma nauyi, 8x32 kuwa wajen rabin kilo ne. Ka guji masu zuƙowa da sassautawa, da masu jan gilashi mai sheƙi, da waɗanda ba su da abin murzawa a tsakiya. Abin da masu saye suka fi mantawa shi ne tazarar idanu. Idanun yaro sun fi na babba kusa da juna, madubai da yawa kuma ba sa naɗewa ƙasa da milimita 56 ko 58. Idan ka ga yaro yana rufe ido ɗaya, ko yana cewa yana ganin baƙin abu a gefe, dalilin ke nan. Ka je da ƙaramin ɗalibi a gwada, ko ka nemi wanda ke naɗewa zuwa 52 ko kusa da haka. In na hannu ne za ka saya ko wani ya ba ku kyauta, ka kalli wayar lantarki ko bakin rufi da shi, ka ja shi a hankali kamar taƙi ɗaya daga fuskarka kana ci gaba da kallo. Idan layin ya karye, ɓangare ɗaya ya fi ɗaya tudu, ya taɓa faɗuwa gilasansa sun goce, ciwon kai kawai zai sa wa yara.

Madubi ɗaya ya ishi yara biyu ko uku. Wanda ba ya riƙe da shi aikinsa ya bi tsuntsun da ido ya faɗi inda ya koma. Saita shi kuwa haka ake yi: a naɗe shi har da'ira biyu su zama ɗaya, mai tabarau ya sauke robar bakin ido, marar tabarau ya ɗaga ta, a rufe gilashin gaba na dama da tafin hannu, a murza na tsakiya har idon hagu ya gani tar, sannan a rufe na hagu, a murza zoben da ke bakin idon dama har shi ma ya gani tar. Daga nan na tsakiya kaɗai ake taɓawa. Tunda karɓa-karɓa ake yi, a riƙa mayar da zoben kan sifili kafin a miƙa wa na gaba. Sai fasahar da ta fi duka: ido ya tsaya a kan tsuntsu, hannu ya ɗago madubi zuwa ido. Sabon koyo yakan sunkuya ya kalli madubin, ya ɗago, ya shiga lalube. Ka manna katuna masu ƙananan haruffa a bango da rassa, ka tsayar da su mita 15 zuwa 20, kana kiran kati suna karantawa. Minti goma na wannan wasan ya fi dogon bayani. Dokoki uku ba sassauci: igiya a wuya kullum, ba a tafiya ana kallo ta ciki, ba a taɓa juya shi wajen rana, domin yana iya ƙona ido a take. Wajen gogewa a fara hure ƙura sannan a sa ƙyalle mai taushi, gefen riga na karce gilashi. A ajiye su a busasshen wuri, don danshi na sa fumfuna ta tsiro a ciki. Ka sa wa kowanne lamba, mai ɗauka ya sa hannu.

Waya na da amfani idan ɗaya ce kuma tana hannunka. Sashen nazarin tsuntsaye na Jami'ar Cornell da ke Amurka ya fitar da manhajar Merlin a 2014, kyauta ce, ana sauke kundin yanki a yi aiki da shi ba intanet. Tana tambayar wuri da rana da girma da launi da abin da tsuntsun ke yi, ta kawo jerin waɗanda za su iya zama shi. A 2021 aka ƙara mata gane kuka, amma ƙarfinta a wannan ya bambanta daga yanki zuwa yanki, kuma tana kuskure. Abin da ta faɗa shawara ce, ba ya shiga rajista sai an gani ko an tabbatar. Ka bari yara su gama siffantawa kafin ka buɗe ta, in ba haka ba za su koma kallon waya su bar bishiya. Akwai kuma eBird, rumbun bayanai da aka buɗe a 2002, inda mutane daga ko'ina ke shigar da abin da suka gani, masu bincike na amfani da shi. Ka buɗe asusu ɗaya da sunan kulob, kai ke riƙe da shi, ba a sa sunan yaro ko hotonsa. Idan kuka shigar da tsuntsun da ba a saba gani a yankin ba, mai tantancewa zai iya rubuto muku ya nemi bayani, a ranar yara za su gane amfanin zanen da suka yi a fili.

Daga mako na huɗu ko na biyar a fara ƙirga. A kowane wurin tsayawa minti biyar daidai da agogo, a rubuta duk nau'in da aka gani ko aka ji, da adadinsa. Matsalar farko ita ce ƙirga tsuntsu ɗaya sau uku, ya tashi ya dawo a sake sa shi. Maganinta a rubuta adadi mafi yawa da aka gani a lokaci guda: an ga kurciya 3, can an ga 5, can an ga 2, abin rubutawa 5 ne. Garke kuma a ƙirga goma, a kiyaye girman gungun a ido, a auna sauran da shi. Kada a tsawaita lokaci don yau akwai tsuntsaye da yawa, kada a gajarta don babu. In minti ya bambanta, lissafin wannan makon ba zai kwatantu da na wancan ba. Ranar da ba a ga tsuntsun da aka saba gani ba, a sa masa sifili, domin rashinsa ma labari ne. A ƙarshen zango su zana jadawalin hawa da saukar nau'i uku ko huɗu, malamin lissafi ya shigo ciki. Tambayoyi za su fito da kansu, me ya sa wannan ya ɓace tun watan jiya, me ya sa wuri na uku ya fi na ɗaya, kuma waɗannan tambayoyin su ke riƙe yara a lokacin da ɗokin farko ya kwanta.

In kuna so ku jawo tsuntsaye kusa, ruwa ya fi abinci sauƙi da aminci. Faranti mai faɗi, zurfin ruwa santimita 2 zuwa 5, da dutse a tsakiya don ƙanana su samu wurin tsayawa. A ajiye shi mita biyu zuwa uku daga wani ƙaramin itace, kusa yadda za su tsere in shaho ya kawo farmaki, da 'yar tazara yadda kyanwa ba za ta laɓe ta cafke su ba. A sauya ruwan kullum ko bayan kwana biyu, a goge farantin, tunda sauro na iya kammala girma daga ƙwai cikin kamar mako guda. Abinci kuwa ni ba na gaggawar ba da shawararsa. Yana tara tsuntsaye wuri ɗaya su harbi juna da cuta, abin da ya zube ya jawo ɓeraye. In za a yi, tsaba busasshiya kaɗan wadda za ta ƙare a yini, ba mai gishiri ba, ba mai fumfuna ba, a wanke mazubin duk mako biyu da bilic kashi 1 cikin ruwa kashi 9, a ɗauraye a shanya. Da an ga tsuntsu ya kumbura gashi ya kasa tashi a wurin, a janye komai na 'yan makonni. Dasa itatuwan asalin yankin masu 'ya'ya da fure ya fi wannan duka daɗewa yana amfani.

Sheƙa ita ce babbar jarrabawa, domin ba yaron da zai ganta bai so ya leƙa ba. A kalle ta daga mita goma ko fiye. In uwa ta zo da abinci a baki tana ta kewaye ta ƙi shiga, ko tana kukan tsoro, kun matso da yawa, ku ja baya. Ba a karya reshe don a gani da kyau, ba a yawan zuwa har a tattake hanya, wannan hanyar kyanwa da sauran maharba za su bi. Ƙwai ba a ɗauka, a ƙasashe da yawa ma doka ta hana. Ɗan tsuntsun da aka tsinta a ƙasa, in gashinsa ya fito yana tsalle, koyon tashi yake, iyayensa na kusa, a bar shi. In tsirara yake kuma ana iya kaiwa sheƙar, babba ya mayar da shi, zancen cewa uwa za ta ƙi shi don an taɓa shi ba gaskiya ba ne. Mataccen tsuntsu ko mara lafiya yaro ba ya taɓawa, saboda murar tsuntsaye, in kuma an ga da yawa a wuri ɗaya a sanar da hukumar lafiyar dabbobi. Kunna kukan tsuntsu daga waya a fili don a jawo shi, a hana, yana sa namiji ya bar sheƙa ya fito faɗa da abokin gabar da babu shi. A aji ake sauraren kuka. In akwai tagar gilashi da tsuntsaye ke karo da ita, aikin kulob ne ya manna mata ɗige-ɗige ta waje, tazarar santimita 5 tsakaninsu. Hoton shaho guda ɗaya a tsakiyar gilashi ba ya hana komai.

Gasar wa ya fi yawan tsuntsaye tsakanin yara, kada ka fara ta. Tana haifar da ƙarya da gaddama, kuma mai jin kunya ya janye. Jeri ɗaya na kulob a bango, sabon nau'i ba ya hawa sai mutum biyu sun gani ko akwai zane mai gamsarwa, a rubuta sunan wanda ya fara hangowa. Ranar ruwa ko iska kada a soke taro, a yi shi a aji: sauraren kuka, gyaran rajista, ko darasin ƙaura da taswirar duniya. Ka ba su labarin wani nau'in shamuwa fari da aka harbo a Klütz ta ƙasar Jamus a 1822 da mashin Afirka soke a wuyansa, wanda ya zama hujjar cewa tsuntsayen da ke ɓacewa a Turai lokacin sanyi wata nahiya suke tafiya; har yau yana ajiye a Jami'ar Rostock. Ko na wani tsuntsun bakin teku mai dogon baki, ɗan wata biyar, da aka ɗaura wa na'urar bin sawu a 2022, ya tashi daga Alaska ta Amurka bai sauka ba sai Tasmaniya ta Ostareliya, kilomita 13,560 cikin kwana 11. Su auna nisan da zare a kan taswira.

Ka sa wa shekara ranakun da ake jira. A watan Fabrairu akwai ƙidayar kwana huɗu da ake kira Great Backyard Bird Count, wadda aka fara a 1998, minti 15 na kallo ya isa a shiga. Ranar Tsuntsaye Masu Ƙaura ta Duniya na zuwa sau biyu, Asabar ta biyu a Mayu da ta biyu a Oktoba. Fitar nesa kuma a bar ta ƙarshen zango, bakin ruwa ya fi daji ga masu koyo, tunda zalɓe da agwagin ruwa manya ne kuma suna daɗewa a tsaye a sarari. Ka je ka duba wurin tukuna, ka san zurfin gaɓa da inda za a fake. Ka tuntuɓi ƙungiyar masu kallon tsuntsaye ko sashen nazarin halittu na jami'a mafi kusa, da wuya a rasa wanda zai raka ku ko ya ara muku babban madubi mai ƙafa uku. In sun gayyace ku kallon sa wa tsuntsaye zoben shaida a ƙafa ku je, amma kama tsuntsu da raga aikin masu horo da lasisi ne, kulob ba ya gwadawa.

Tun zangon farko ka jawo malami na biyu ya san hanya da rajista da kalmar sirrin asusun, domin sauyin wurin aikin malami ɗaya ya isa ya rufe kulob. Manyan ɗalibai su koya wa sababbi saita madubi da hanyar agogo, kuma kowace shekara a ɗauki sababbi daga ƙananan ajujuwa, don kada duka 'yan kulob su gama makaranta rana ɗaya. Rajista da taswirar hanya a ajiye su a ofis ko ɗakin karatu, a ɗauki hoton shafukan a ƙarshen kowane zango, saboda ko littafin ya ɓata lissafin yana nan.